Kundin zangon yara: mako 12 da binciken allurar farko

4 ga Agusta

Yau na koma sashen yara, zango na uku ke nan cikin huɗu na shekarar sanin makamar aiki. Sashen manya da na tiyata sun wuce, saura wannan da na mata da haihuwa. Kowanne mako 12 ne a tsarin Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, kuma sai manyan likitocin kowane sashe sun sa hannu a littafin mutum kafin lasisinsa na wucin gadi ya zama cikakke, daga nan sai bautar ƙasa.

An yanka mana makonnin gida uku: huɗu a ɗakin gaggawa, huɗu a ɗakin jarirai, huɗu tsakanin babban ɗakin kwanciya da kilinik. Ni da ɗakin gaggawa zan fara, ga damina ta yi tsaka. Duk wanda na gaya wa sai ya ce mini Allah ya ba da haƙuri.

Dalilin buɗe wannan kundi shi ne, shugabar sashe ta ce kowannenmu sai ya gabatar da wani abu a taron ƙara wa juna sani kafin ya bar sashen. Yawanci abin da ake yi, mutum ya ɗauko cuta guda daga littafi ya karanto ta a majigi, a tafa masa, a watse. Ta ce in da mai so, zai iya yin ɗan bincike a kan aikinmu na kullum a maimakon haka. Na ɗaga hannu. Tambayata guda ce: yaron da aka kawo da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, daga shigowarsa ƙofa zuwa lokacin da allurar atesunet ta farko ta shiga jikinsa, minti nawa ake ɗauka?

7 ga Agusta

An haɗa ni da babban rijistara, wato likitan da ya yi nisa a horon ƙwarewa, wanda zai riƙa duba aikin. Oga ba mai yawan magana ba ne. Da na karanta masa tambayar sai ya ce, "To, me ya dame mu da mintoci? Je ki karanto ki dawo."

Na karanto. Babban abin da ya sauya maganin wannan ciwo a wajen yaran Afirka shi ne gwajin AQUAMAT, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2010. Yara 5,425 aka sa a ciki daga ƙasashe tara, har da cibiya guda a Ilorin. Cikin waɗanda aka yi wa kwinin, kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin na atesunet kuwa kashi 8.5. Bayan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba. Ƙa'idar da muke bi a yanzu: miligiram 2.4 ga kowane kilo na nauyin jiki, amma yaron da bai kai kilo 20 ba sai a ba shi miligiram 3 ga kilo. A yi masa da zuwansa, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24, daga nan sau ɗaya kullum har ya iya haɗiya, sannan ya sha cikakken maganin haɗi na kwana uku. Amsar tambayar Oga kuwa tana nan: yawancin yaran da wannan zazzaɓi ke kashewa a asibiti, a cikin awa 24 na farko suke tafiya. Magani mai kyau da ya iso a makare bai cika aikinsa ba.

Kuma ba ƙaramar magana ba ce a nan, tunda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke.

Shirin da muka tsayar: in tono fayilolin daminar bara, in fitar da lokacin isowa da lokacin allura, in lissafa. Oga ya ce aikin mako biyu ne.

10 ga Agusta

Kol, wato kwanan aiki a asibiti. Gado bai isa ba, yara bibbiyu a katifa ɗaya. Ban taɓa takardun bincike ba.

13 ga Agusta

Na gama rubuta tsarin aikin, shafi huɗu, na kai ofishin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti. Ko da fayil kawai za ka duba, ba za ka taɓa mara lafiya ba, sai sun amince, musamman in kana da niyyar kai sakamakon wani taro a waje. Sun nemi shaidar horo kan ɗa'ar bincike. Na yi kwas ɗin TRREE a intanet, kyauta ne, a waya na yi shi cikin dare.

Kashe kuɗi zuwa yau: buga takardu da ɗaure su kwafi uku, ₦4,200. Data ₦3,000. Kuɗin fom na kwamiti ₦10,000, Oga ya ɗauki rabi.

18 ga Agusta

Shirin farko ya rushe yau, a ɗakin ajiyar fayil.

Na samu izinin leƙa fayiloli kaɗan don gwada fom ɗina kafin amincewar kwamiti ta fito. Malamin da ke kula da wurin dattijo ne mai kirki. Ya zaro mini dami guda daga saman kanta, ya kaɗe ƙura, ya ce, "Likita, ga su nan, Allah ya sa ki samu abin da kike nema." Na zauna a benci na fara buɗewa. Kwanan wata yana nan a kowanne. Bayanin ciwo yana nan, wani ma har shafi uku da kyakkyawan rubutu. Amma ƙarfe nawa yaron ya iso? Babu. A katin magani kuwa, inda nas ke sa hannu, lokutan duk iri ɗaya ne: shida na safe, sha biyu, shida na yamma. Wato lokacin zagayen ba da magani ake rubutawa, ba lokacin da allurar ta shiga ba. Akwai fayil ɗin da, in ka bi takarda, an yi wa yaro allura tun kafin likita ya gan shi. Wasu fayilolin kuma ba sa nan sam, kuma da na duba rajistar ɗaki sai na ga da yawa daga cikin ɓatattun na yaran da suka rasu ne, don nasu kan bi wata hanya daban zuwa ofisoshi. Su ne kuwa waɗanda tambayata ta fi shafa.

Ba na ganin laifin kowa a nan. Ni kaina mako biyu ke nan ina cika irin waɗannan takardu, na san yadda abin yake: yaro yana jijjiga a gabanka, wani yana jiran ƙarin jini, uwa tana jan rigarka, wa zai tsaya duba agogo? Ɗakin ma agogon bangonsa ya tsaya a kan tara saura kwata tun kafin in zo.

Na kai wa Oga labari a bakin masallaci bayan la'asar. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kin samu sakamakonki na farko ke nan. Rubuta shi." Muka sauya shiri: a bar tonon baya, a fara rubuta lokaci daga yanzu zuwa gaba. Matsalar ita ce wannan sabon tsari ne, sai an koma wa kwamiti da gyara.

20 ga Agusta

Na mai da gyaran. Sabon fom shafi ɗaya ne, ba suna, ba lambar waya, sai lambar sirri. Lokuta huɗu yake nema: isowa, ganin likita, rubuta magani, shigar allura. A ƙasa kuma tambayoyi uku: an auna nauyin yaron ko ƙiyasi aka yi, an duba sukarin jininsa, daga ina aka samo maganin.

Na sayi agogon bango da batir, ₦6,500. Metiron, shugabar nas-nas, ta sa aka kafa shi daidai saman teburin karɓar marasa lafiya. Na sa sabon batir a sikelin awo ma, don na tarar ana ƙiyasta nauyi da tsohon lissafin nan na shekaru a tara da huɗu a ninka biyu, wanda ba da yaranmu masu tamowa aka yi shi ba.

Duk fom ɗin da na cika kafin kwamiti ya amsa, gwaji ne kawai, ba zai shiga lissafi ba.

24 ga Agusta

Zan rubuta daren jiya dalla-dalla, don a cikinsa na ga abin da fom ɗin zai riƙa nunawa.

Ƙarfe 1:40 aka shigo da yaro ɗan shekara uku a kafaɗar babansa, kakarsa na biye. Kwana uku yana zazzaɓi, an sai masa magani a kemis, da magariba ya fara jijjiga. Rigarsa na ƙamshin hayaƙin da aka turara masa. Kakar ta ce, "'Yar nan, mun yi na gida bai ji ba." Na ce, "Kun kyauta da kuka kawo shi, Inna, zauna nan kusa da shi." Ba lokacin wa'azi ba ne.

Tafin hannunsa fari fat. A ma'aunin suma na Blantyre maki biyu ya samu cikin biyar, matakin da ake cewa zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Nauyi kilo 12, a sikeli. Sukarin jininsa ya faɗi sosai, ƙasa da 3 a ma'auni, muka tura masa mil 60 na ruwan gulukos mai kashi 10, wanda Sista ta haɗa nan take daga mai kashi 50, awo ɗaya nasa a zuba a awo huɗu na ruwan allura. Gwajin gaggawa ya nuna maleriya. Ƙarfe 1:52 na rubuta atesunet, miligiram 36, na miƙa wa baban takarda.

Daga nan ne tafiyar ke farawa. Sai ya je kantin magani a yi masa kuɗi, ya je wajen kashiya ya biya, ya dawo kantin da rasit, sannan ya kawo mana. Cikin dare taga ɗaya ce a buɗe, tana can wani gini, ga ruwa ana yi. Na'urar POS ba sabis, shi kuma kuɗin hannunsa sun tafi a motar da ta kawo su.

Sista ba ta ce komai ba. Ta buɗe wata durowa da makulli, ta ɗauko kwalba guda mai miligiram 60, ragowar wani yaro da aka sallama. Kowace tsohuwar nas a irin wannan ɗaki tana da irin wannan ajiya, kuma ba a rubuce take a ko'ina ba. Na zuba mil ɗaya na bakabonet, ruwan narkar da maganin, a garin, na yi ta girgizawa har ya washe, na ƙara mil biyar na ruwan gishiri, kowane mil ya zama miligiram 10. Na ja mil 3.6. Ƙarfe 2:05 allurar ta shiga. Baban bai dawo ba sai 3:20, a jiƙe sharkaf, da kwalabe uku a leda. Guda muka mayar durowar Sista.

Saura jini. Ma'aunin jininsa ya nuna kashi 12, wato ya yi ƙasa ƙwarai, ga numfashi sama-sama, ba makawa sai an ƙara masa. Ma'ajiyar jini kuwa sai an kawo mai bayarwa a madadi. Baban ne ya miƙa hannu. Kafin a gama gwaje-gwaje an yi kiran assalatu.

Yau da rana yaron ya buɗe ido ya kira kakarsa.

Abin da na ɗauka don bincike: tsakanin isowa da rubuta magani minti 12, wannan namu ne. Tsakanin rubutawa da dawowar uba kusan awa ɗaya da rabi, wannan ba na likita ba ne, ba na nas ba ne. Da lokuta biyu kawai fom ɗin ke nema, da ba za a taɓa ganin wannan rata ba.

29 ga Agusta

Takardar amincewar kwamiti ta fito. Jibi nake barin ɗakin gaggawa.

Na daɗe ina kallonta. Duk makonnin da nake tsaye a wurin da idona, ba ni da izinin tattara komai. Yanzu da izini ya samu, jadawali ya tura ni gaba. Na bar fom 100 a cikin jaka a teburin nas, ₦5,000 kuɗin hoto, na yi wa abokan aikina biyu da za su karɓe mu bayani. Sun ce ba damuwa.

2 ga Satumba

Ɗakin jarirai. Wata duniya ce daban: komai da giram ake aunawa, ruwan da za a ƙara wa jariri ma sai an lissafa shi da ɗigo. Jijiyar bakwaini siririya ce ƙwarai, wuni guda na yi kafin in sa kaniula ɗaya, wato siririn bututun da ake sa wa a jijiya, ta zauna.

6 ga Satumba

Na leƙa ɗakin gaggawa bayan tashi. Jakar tana inda na bar ta, an ɗora mata kwalin safar hannu. Fom kaɗan aka taɓa, su ma rabi da rabi: akwai lokacin isowa, babu na allura. Rajista kuwa ta nuna an kwantar da masu wannan zazzaɓi da yawa a makon.

Abokiyar aikina ta ce, "Wallahi ba ƙi muka yi ba, ke ma kin san wurin nan." Na sani. Takarda ce ta daban, a jaka ta daban, ta aikin wata da ba ta nan. Duk wanda aka ɗora wa haka a tsakiyar damina, abin da zai yi ke nan.

9 ga Satumba

Metiron ce ta kawo mafita, ba ni ba, ba Oga ba. Ta ce, "Likita, ki daina kawo mana sabuwar takarda. Ki sa abin a kan wadda dole sai mun cika." Shawararta: a yanko hatimi mai gida huɗu, a riƙa buga shi a saman takardar kwantarwa tun kafin a raba ta. Mai ba da kati a ƙofa ya cika gidan farko, likita na biyu da na uku, nas na huɗu.

Na kai wa mai yin hatimi a bakin kasuwa. Na farko ya fito da gidaje ƙanana, biro ba ya shiga, aka sake. ₦7,000 duka biyun da tawada. Na sanar da sakataren kwamiti a rubuce, tunda bayanan da ake ɗauka ba su sauya ba, wurin rubuta su ne ya sauya. Da daddare na zauna na bubbuga shi a kan takardun kwantarwa har hannuna ya yi shuɗi.

14 ga Satumba

Wata 'yar ajinmu da ta tafi Ingila ta kira. Can shekara biyu suke yi a wannan mataki, suna zagaya sassa wata huɗu-huɗu, kuma akwai wani reshe na tsarin wanda a cikinsa ake ware wa mutum zango guda, wata huɗu cur, don bincike ko koyarwa, da mai duba shi na musamman. Ta ce su ma suna kukan bai isa ba. Na yi dariya har ta ji haushi.

Ba na cewa a kwaso nasu a dasa mana. Shekararmu ɗaya ce, kuma asibitocin da ƙananan likitoci suke tafiya, in aka cire mutum ɗaya na wata huɗu sauran ne za su sha. Amma rabin yini a mako, a rubuce a jadawali, ga wanda ya ɗauki irin wannan aiki, bai fi ƙarfin kowane sashe ba. Gaba kaɗan waɗannan mutane ne za su zauna jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, inda ba a zama babban likita sai da kundin bincike. A ce sai a lokacin mutum zai fara sanin yadda ake neman izinin kwamiti, an makara. Yanzu dai lokacin binciken daga barcina yake fita.

19 ga Satumba

Mako mai nauyi. Jarirai masu shawara sun yi yawa, fitilun da ake haska musu don maganin shawarar ba su isa ba. Na taimaka a canjin jini na farko da na taɓa gani, ta jijiyar cibiya, ana zara ana zubawa kaɗan-kaɗan, ni ce mai rubuta kowane zagaye. A kayan jaririn akwai ƙwallayen kafur, waɗanda kan fasa jinin yaron da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini. Na yi wa uwar da kakar bayani tare, don ba uwar ce ke yanke hukunci a gida ba. Haka maganar cibiya: a bar gashi da tsumma, a shafa man kulohezidin.

Bincike: ban je ba.

23 ga Satumba

Na je. Hatimin yana aiki. Ba kowane gida ake cikawa ba, amma yawancin takardun suna da lokuta huɗun. Mai ba da kati ya fi kowa kiyayewa, har da minti yake rubutawa. Gidan da aka fi bari fanko shi ne na biyu, na likitoci.

Sabuwar matsala: agogon bango ya wuce na wayoyi da minti bakwai, wasu da shi suke aiki, wasu da waya. An daidaita shi, an kuma amince kowa ya bi na bango.

29 ga Satumba

Babban ɗaki da kilinik. A nan ana iya zama a ci abinci. Ranar masu amosanin jini layi har waje.

Na gina fom a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, ina shigar da bayanai ta waya, fayil bayan fayil, kafin a kwashe su zuwa ɗakin ajiya. Na yaran da suka rasu nake fara bi, tun suna ɗaki.

5 ga Oktoba

Zaman lissafi da Oga, a kan Epi Info, manhajar lissafin alƙaluma. Na zo da matsakaici na tara-ka-raba, ya ce in ajiye shi: yaro ɗaya da ya jira awa shida zai ja lissafin duka ya karkace. Abin da ya dace shi ne a jera lokutan daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, a kuma nuna inda rabin yaran suka faɗa. Ya sa na raba dare da rana, na kuma raba waɗanda aka yi wa allura daga ajiyar ɗaki da waɗanda suka jira a sayo.

Ba zan sa alƙaluma a nan ba kafin sashe ya gani, amma siffar abin ba ɓoyayya ba ce. Ganin likita ba ya jimawa. Rubuta magani ba ya jimawa. Ratar tana tsakanin gida na uku da na huɗu, ta fi faɗi da dare, kuma tana kusan rufewa duk lokacin da maganin ya fito daga durowa.

9 ga Oktoba

Shugabar sashe ta kira zama da shugaban kantin magani, kan a mai da ajiyar Sista ta zama hukuma: akwatin gaggawa mai atesunet, gulukos, maganin jijjiga da kaniula, a yi wa yaro allurar farko, iyaye su biya daga baya.

Na shiga da zaton za a yi ja-in-ja da mai taurin kai, sai na tarar mutumin yana da hujja. Kantin da kuɗin juyawa yake tafiya, abin da aka sayar da shi ake sake saro wani. Ya ce an taɓa yin irin wannan akwati, cikin 'yan watanni ya zama fanko, don ba wanda aka ɗora wa mayar da abin da aka ɗauka, kuma uban da ɗansa ya rasu ba a tare shi da rasit. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba na ƙin taimako, amma in asusun ya mutu, har mai kuɗin ma ba zai samu magani ba."

Abin da aka tsayar na gwaji: akwati mai kwalabe ƙidayayyu, littafi a jikinsa, nas mai kula da kowane kwana ta ƙirga ta miƙa wa ta gaba. Wanda ya kasa biya, a cike gurbin daga asusun taimakon marasa galihu na sashe, wanda kuɗinsa daga aljihun ma'aikata da masu kawo sadaka yake fitowa. Ko zai ɗauki nauyin, watanni ne za su nuna.

16 ga Oktoba

Na gabatar. Minti 15 aka ba ni, wuta ta ɗauke a allo na shida, na ƙarasa da baki.

Tambayoyin sun fi jawabin amfani. Wani babban likita ya ce mutane kan yi sauri in sun san ana auna su, don haka lokutan da na samu sun fi na gaskiya kyau. Wata ta ce takardun da aka bari fanko ba haka kawai aka bar su ba, na daren da ɗaki ya fi cika ne, wato daren da jinkiri ya fi yawa. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka suna nuna ainihin jinkirin ya fi abin da na nuna. Wani kuma ya ce duk wannan ƙirga daga ƙofar asibiti take farawa, alhali yaron ya yi kwana uku a gida: ina maganar atesunet na matsawa ta dubura da ake ba 'yan ƙasa da shekara shida a ƙananan asibitoci kafin a turo su, ina maganin rigakafin damina da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida, nawa cikin yaran nan suka samu? Wannan bincike ne na biyu, an ƙara tambayoyin biyu a ƙasan hatimi.

Metiron da mai ba da kati sun zo sun zauna a baya. Na sa sunayensu a allon farko.

20 ga Oktoba

Farautar sa hannu a littafin MDCN. Biyu sun samu, ɗaya ya yi tafiya.

Jimillar abin da aikin ya ci daga aljihuna, bayan cire rabin da Oga ya biya: ₦30,700, ban da data ta watannin baya da kuɗin Keke zuwa wajen mai hatimi.

24 ga Oktoba

Ranar Litinin zan koma sashen mata da haihuwa, don haka yau aka yi miƙa aiki a gaban Oga. Cikin sababbin da suka zo, ɗaya ya karɓa a matsayin nasa aikin na taron sashe, da sunansa a takardar kwamiti, ba alfarma zai yi mini ba. Na ba shi hatimi, kwalbar tawada, shiga KoboToolbox, da shafi ɗaya na yadda ake cikawa. Shi zai auna zagaye na biyu, bayan an fara aiki da akwatin.

Oga ya ja kunnenmu a kan abu guda: damina tana ƙarewa, ɗaki zai yi sauƙi, lokutan za su ragu ko da akwati ko babu. Kwatanci na gaskiya sai Agusta da Satumba masu zuwa, lokacin ni ina bautar ƙasa, shi ma ya bar sashen. Saboda haka aka sa hatimin cikin takardun da ake nuna wa kowane sabon rukuni ranar farko, Metiron kuma ta karɓi ajiyar littafin akwati.

Abin da ya rage a wuyana: in gyara alƙaluma bisa tambayoyin ranar 16, in rubuta taƙaitaccen bayani wanda Oga zai duba ko ya isa a aika wa taron shekara na Ƙungiyar Likitocin Yara ta Najeriya da ake yi a watan Janairu, in kuma kai wa kwamiti rahoton ci gaba. Shigar da sauran fayilolin Oktoba sai ranar Asabar, in ba a sa ni kol a ɗakin haihuwa ba.